Zabuwa, Motar da Ba a Ƙirga Ba

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum, tare da addu'ar Allah ya sanyaya maka makwanci. Na san wannan wasiƙa ba za ta iske ka ba, kuma ba wanda zai karanta maka ita. Da kana nan ma na san yadda za a yi. Ni da na rubuta, ni za ka sa in karanta da ƙarfi, kai kuwa kana kwance ƙarƙashin mota, ƙafafunka kaɗai a waje, kana amsa mini da gyaran murya. Haka muka saba hira ni da kai, ina kallon tafin ƙafarka, kana kallon cikin Zabuwa. To yau ma ka yi haƙuri ka saurare ni hakanan, don abin ya cika mini ciki, kuma duk wanda zan faɗa wa a gida yana fama da nasa.

Bari in fara da labarin gida, kada ka ce 'yar lakwal, mai karatun boko, ba ta iya gaisuwa ba. Inna tana nan, sai ciwon gwiwar da ka sani. Ta fita takaba amma har yanzu ba ta son shiga taro. Matar Yaya Sani ta sauka lafiya, namiji, an mayar da sunanka, don haka ba mai iya kiransa sai Baba Ƙarami. Hancinka ya ɗauko sak, Allah ya sa ya bar maka taurin kan. Hatsin gonarmu ta Bazaga ya yi dama-dama, wake ne bai yi ba. Ni kuwa ina Illela ina koyarwa, ajin nan dai da yara suke cika har bakin ƙofa.

Duk wannan share fage ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tambayar nan taka. Ka tuna? In ka gama wanke Zabuwa da la'asar, ka ja baya ka riƙe ƙugu kana kallonta, sai ka juyo ka ce, "Ke Hajo, ku da kunka yi lakwal, shin 'yan uwanta nawa sunka rage duniya?" Ni kuma in yi dariya in ce ba a koya mana wannan ba. To Baba, na samo maka amsa. Da na san irin amsar da zan samo, da ban nema ba.

Tun ina ƙarama na haddace labarin yadda ta zo hannunka. Injiniyan nan Anasara da ka yi wa tuƙi a kamfanin siminti na Malbaza, tun ba a haife ni ba, shi ya zo da ita daga ƙasarsu. Da zai koma ta lalace masa, ya ga wahalar kai ta bakin teku ta fi ƙarfinsa, ya ɗora maka makulli a tafin hannu. Ka ce a lokacin ja ce jawur, kujera biyu, ƙofa biyu, dogon hanci, rufinta na ƙyalle ana naɗe shi baya, cikinta kuwa kamar zai taɓa ƙasa. Mota ce da aka ƙera don gudu bisa kwalta mai santsi, aka kawo ta ƙasar da ba ta san komai ba sai rairayi da ramuka. Yaran Ƙonni suka sa mata Zabuwa, wai don gudunta ƙasa-ƙasa da yawan surutu. Ka yi ta faɗa da sunan, daga baya kai ma ka bi.

Kowa ya ce ba za ta kai shekara a hannunka ba. Ta kai har ka aurar da mu duka. Dabararka ɗaya ce, duk abin da ya mutu a jikinta sai ka nemo abin da zai zauna a gurbinsa, ko daga ina ne. Cikinta yana gogar ƙasa a hanyar Bazaga, ka ɗaga ta da sifirin ɗin wata tsohuwar a-kori-kura. Rana ta cinye rufin, ka sa aka ɗinka mata na tamfol ɗin kamyo, babbar motar kaya. Kujeru suka yage, dukawa suka lulluɓe su da jar fata har da ado a gefe. Inda tsatsa ta huda, amininka Baba Garba mai walda ya buɗe gangar mai ya daddale ya liƙa. Lagireto na wata mota ne, fitilu na wata. Fenti kuwa ban san sau nawa ba, na dai san na tashi na gan ta shuɗiya, aka yi aurena tana koriya. Injin ma ba nata ba ne, na irin motocin hayar nan ne da ba su san gajiya ba. Ka zauna da shi lafiya, sai wani ɗan ƙas-ƙas da yake yi in ya yi zafi, wanda ka yi shekaru kana nema ba ka gano inda yake fitowa ba. Har kunne kake kafawa jikin ƙarfe kamar likita, ka ɗago kana tsaki.

Kujera ta biyu tawa ce, kowa ya sani. Yaya Sani ya yi tsawo da wuri, gwiwoyinsa ba su shiga. Inna kuwa sau ɗaya ta hau, iska ta tafi da kallabinta a gaban mutanen tasha, ta rantse ba ta ƙarawa, kuma ta cika rantsuwarta. Don haka ni na je Dogarawa da kai sayen albasa, buhu ɗaure a baya kamar goyo. Ni na riƙe maka fitila da sifana. Ranar sallah yaran unguwa su yi layi, kana ɗaukarsu ɗaya-ɗaya kana kewaya fili da su. Angwaye nawa ka ɗauka ranar ɗaurin aure, suna riƙe hula da hannu biyu suna washe baki? Ba ka taɓa karɓar ko goro ba a kan haka.

Bayan an yi addu'ar arba'in aka zauna rabon gado. Komai ya rabu lafiya, gida da gona da 'yan awaki, aka zo kan Zabuwa aka tsaya. Mota ba ta yankuwa kashi-kashi. Liman ya ce ko wani ya ɗauka a cikin rabonsa, ko a sayar a raba, kuma bai kamata a bar gado yana kwana ba. Na ce ni ina so. Ba wanda ya yi mini dariya, da ma sun yi da ya fi mini sauƙi. Yaya Sani ya tambaye ni a hankali ina zan aje ta, ni da nake ɗakin haya a Illela, gidan da ko amalanke ba ya shiga. Ya tambaye ni wa zai gyara ta ranar da ta tsaya. Idon Baba Garba ya tafi, yanzu sai an ja shi zuwa masallaci. Samarin garaji kuwa in sun buɗe murfinta sai su kira juna a zo a ga abin mamaki, don ba wanda ya san wace waya ta je ina sai kai. Ka tafi da taswirar cikinta a kanka, Baba. Me ya sa ba ka koya wa kowa ba?

Kada ka ga laifin Yaya Sani. Rumfar da take ciki ta faɗo a rabonsa, yana son ya yi shago a wurin, ga iyali sun ƙaru. Duk da haka da na matsa masa, na san zai bar ta. Wadda ta kashe mini baki Inna ce. Ta kira ni ɗaki ta ce a ɗauke motar nan daga gabanta. Ta ce kullum in ta fito shara da safe sai idonta ya je ƙarƙashin motar yana neman ƙafafunka, kullum kuma sai ta sake jin rasuwarka sabuwa. Ta ce ta gaji, ita ba ƙarfe ba ce. Aka tsaya kan cewa kafin ruwa ya sauka za a sayar. Mutum biyu ne suka taya. Wani direban haya yana son injin kawai, sai 'yan gwangwan na tsallaken iyaka, masu sayen tsofaffin ƙarafa a kan sikeli, suna son gangar jikin.

Ana cikin haka wata ƙofa ta buɗe inda ban zata ba. Lokacin rasuwarka na sa hotonka a waya, wanda kake jingine da Zabuwa da farar hularka. Hoton ya yi ta yawo hannu zuwa hannu har Yamai, daga can ya tsallaka teku. Wata rana aka kira ni da baƙuwar lamba. Wani tsohon Anasara ne, yana magana da Faransanci a hankali kamar mai tsoron kada in kashe waya. Ya yi mini ta'aziyya tukuna, ya san ya kamata. Sannan ya roƙe ni in na je Ƙonni in nuna masa motar ta wayar hoto.

Ranar Asabar na je, na yaye tabarmin da aka lulluɓe ta da su, na kira shi. Dattijo ne mai furfura, sa'anka ne ko ya ɗan girme ka. Da na juya wayar ya ga hancinta, sai ya dafe baki. Baba, na rantse maka idonsa ya kawo ruwa. Ya ce tun asali kaɗan aka ƙera irinta, kamfanin ma ya daɗe da rufewa. Ya ce su wata ƙungiya ce ta masu son wannan mota, sun san kowace ɗaya da ta rage, a wace ƙasa take, a hannun wa. Sun san cewa an taɓa sa ɗaya a jirgin ruwa zuwa yankinmu, daga nan labarinta ya yanke, shekara da shekaru suna cigiya. Sai na yi masa tambayarka, yadda kake yin ta. Ya faɗa mini adadin. Ɗaliban ajina sun fi su yawa, Baba. Duk duniya.

Ya ce in ita ce, za su ɗauke ta, su mayar da ita yadda ta fito, a aje ta inda mutane za su riƙa zuwa kallo, a rubuta sunanka a gefenta. Ni ban ji maganar kuɗin da ya yi ba sosai, wannan na bar wa Yaya Sani. Abin da na ji shi ne ba za a yanka ta ba. Inna za ta huta, Yaya zai yi shagonsa, Zabuwa kuma za ta rayu. Na tsaya cikin rumfar nan ina godiya ga Allah a fili kamar taɓaɓɓiya.

Sai ya ce in buɗe murfin inji.

Na buɗe da alfahari, don ka san yadda ka bar wurin, tsaf, ko ɗigon mai babu. Na ga fuskarsa ta canja. Ya ce in matsa da wayar nan, in koma can, in leƙa ƙasa, in ƙwanƙwasa ƙofa ya ji ƙararta. Duk inda na nuna sai ya ƙara yin shiru. Ni kuwa baki bai mutu ba, ina ta ba shi labari, wannan Babana ya sa da hannunsa, wancan daga kamyo ya ciro shi, ga ɗinkin dukawanmu. Ina yabonka, ashe tonon asiri nake yi. Daga ƙarshe ya cire tabarau ya yi mini bayani. Su a wurinsu mota tana shiga lissafi ne in tana tare da abin da ta fito da shi daga kamfani. Tsohon fenti da ya koɗe ya fi musu sabo. Yagaggiyar kujera ta asali ta fi musu jar fatarmu. Mataccen injinta na fari ya fi musu wannan mai rai. Ya nemi wani ɗan faranti mai lamba da ake kafawa a jiki, na duba babu, wurin ma gangar Baba Garba ce. Na ce akwai takardu, ya ce takarda ba ta isa ba sai an ga lambar a jikin ƙarfe.

Na tambaye shi sauran 'yan uwan nata yaya suke zaune. Ya ce a ɗaki, a lulluɓe. Ba a fitar da su cikin ruwa, ba a fitar da su cikin rana mai zafi. Sau ɗaya a shekara ake kai su wani fili mai ciyawa, wasu ma a bayan babbar mota ake ɗora su, a jera, a yi hoto, a mayar. Raina ya ɓaci, na ce masa tamu ta fi shekara arba'in tana aiki, ta kai masu naƙuda asibiti, ta ɗauki albasa, ko yanzu in na murɗa makulli za ta tashi. Bai yi musu ba. Ya ce ya yarda, ya ce kai gwani ne, ya ce bai taɓa ganin irin wannan aiki ba. Amma ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba, kuma ƙa'idarsu ke nan. Ka ji fa, Baba. Da ka bar ta ta mutu tun ranar da aka ba ka, ka jefa ta bayan gida kaji suna ƙwai a ciki, da yau tana da daraja. Wahalar da ka sha don ta rayu, ita ta fitar da ita daga cikin danginta. Wannan wane irin lissafi ne? Ni da nake koya wa yara lissafi na kasa gane shi.

Ya bar mini ƙofa ɗaya. Ya ce injin farko yana da lamba da aka buga a gefensa. In an same shi, ko a fashe yake, lambar za ta shaida cewa ita ce wadda suke nema, zai iya tsaya mata a gaban abokansa. Na san halinka, ba ka zubar da ko ƙusa. Na tafi wurin Baba Garba. Na iske shi a zaure, na faɗa masa komai. Ya yi dariya har da tari, ya ce ai injin nan yana Bazaga, ko ban taɓa lura ba? Ya ce shekarar da ya tsage, ka je garinku ka iske itacen bakin rijiya ya sake yankewa, don igiyar guga tana cinye shi duk 'yan watanni, har wata mata ta kusa faɗawa. Ka dawo ka kwance injin, kuka ɗora gangar ƙarfen a amalanken jaki, aka kai aka dasa ta a bakin rijiya da siminti, igiya ta riƙa bi ta kanta. Ya ce sadaka ka yi wa iyayenka da ita, ka hana shi faɗa wa kowa.

Da aka ba mu hutu na hau kabu-kabu na tafi. Rijiyar nan na sha ruwanta ba adadi, ban taɓa kallon bakinta ba. Ga shi kuwa, baƙin ƙarfe da ramukansa a jere, rabi cikin siminti. Matan da ke jan ruwa suka gane ni, suka yi mini gaisuwa, suka ce ƙarfen Direba suke kiransa, kuma tun da aka sa shi ba a sake canja komai a wurin ba. Na durƙusa ina neman gefen da Anasaran ya kwatanta mini, wani ɗan wuri mai faɗi, shafaffe. Na same shi. Shi ne daidai inda ka juyo sama, don ya fi ko'ina santsi, ba zai ci igiya ba. Igiyar ce ta ci shi. Shekara da shekaru tana hawa tana sauka da rairayi a jikinta, ta yi masa kwari mai zurfin yatsa, yana ƙyalli kamar cokali. Na zuba ruwa na goge da bakin mayafina. Na shafa da yatsa, na karkata kai ta nan, na karkata ta can. A can ƙarshe akwai wani ɗan lanƙwasa da zai iya zama rabin lamba, zai iya zama kuma ba komai ba.

Na zauna a ƙasa a wurin, cikin laka, da kayan jikina. Wata tsohuwa ta ɗauka kukan rashinka ne kawai nake yi, ta dafa ni ta ce in yi haƙuri, ba ranar da za a ja ruwa a nan ba a sa maka albarka ba. Da wa zan yi fushi? Da igiya? Da matan da suke shayar da 'ya'yansu? Da kai, da ka zaɓi gefen da ya fi santsi don kada igiyar talakawa ta tsinke? Na nemi wanda zan ɗora wa laifi in samu sauƙi, ban samu ba. Na ɗauki hoto na aika. Dattijon ya daɗe bai amsa ba. Da ya amsa ya ce ya nuna wa abokansa, sun yi ta dubawa, ba abin da za a iya karantawa. Ya ce shi a zuciyarsa ya san ita ce. Amma a wurinsu za ta ci gaba da zama wadda ta ɓata.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, alkawari ya cika. Ranar da za a kai ta garajin bakin tasha, sai aka rasa mai tuƙawa. Yaya Sani bai shiga, direban da ya sayi injin ya gwada ya kasa sa giya, ya ce a nemo igiya a ja ta. A nan ne zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ina da farmi, takardar izinin tuƙi, Baba. Na yi shi a Tawa lokacin da aka tura mu horo, na ɓoye, ina jiran wata sallah in zo in miƙa maka hannu in ce ba ni makulli, yau kai za ka zauna kujera ta biyu. Sallah ta zo na ji kunya, wata ta zo kana fama da jiki, na ce sai ka warke. Ban san me nake jira ba. Na so ka ga cewa duk shekarun nan da nake zaune gefenka ba iska kawai nake sha ba, hannunka nake kallo.

Na ce ba mai ɗaura wa Zabuwa igiya a wuya. Na shiga na zauna a wurinka. Kujerar ta lotsa daidai jikinka, ƙafata da ƙyar ta kai. Na taka kuloci sau biyu yadda kake yi, na ɗan ja giyar gefe kafin in tura, na yi bisimilla na murɗa. Bugu ɗaya ta tashi. Wata da watanni tana kwance, bugu ɗaya. Da ta ƙi tashi da na samu abin da zan faɗa wa kaina. Inna ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Na fito da ita kan titi, yara suka biyo ni suna kiran sunanta, masu shaguna suna miƙewa suna ɗaga hannu, wasu sun manta, sun zaci kai ne. Ban bi gajeriyar hanya ba. Na hau kwalta na yi wajen gari, na taka ta sau ɗaya, ta amsa, iska ta ja mayafina. Da ta yi zafi sai ga ƙas-ƙas ɗin nan. Sannan na juyo na kai ta da ƙafarta inda za a yanka ta.

Ban tsaya kallo ba. Na miƙa makulli na juya. An ce kafin azahar sun ciro injin, kafin magariba 'yan gwangwan sun raba jikin da wuta sun loda. Kujerun fata wani mai shayi ya saya, suna nan bakin tasha mutane na zama, in zan wuce sai in kau da kai. Ka ga yadda abin ya kasance. Na nesa suna son abin da ka cire, na gida suna son abin da ka sa, ita kanta yadda ka haɗa ta ba wanda ya so sai ni, ni kuma ba ni da inda zan kai ta. Yaya Sani ya yi shagonsa. Inna tana shara da safe ba ta tsayawa. Ban sani ba ko ta huta, ban tambaye ta ba.

To ga amsar tambayarka. 'Yan uwanta kaɗan ne suka rage, suna can ɗakuna a lulluɓe, lafiyarsu lau. Taka ba ta cikinsu, kuma ba ta taɓa shiga lissafin ba, ko lokacin da take yawo a Ƙonni tana tayar da kaji. Na yi iyakar abin da zan iya, Baba, bai isa ba. Ka yafe mini in akwai abin da ya kamata in yi ban gano shi ba. Kullum ina sake bin hanyar a kaina, ban ga inda zan ɓullo ba.

Saura abu ɗaya. Direban da ya sayi injin layin Ƙonni zuwa Illela yake yi. Duk ranar da zan koma aiki sai in je tasha in zauna, motoci su cika su tafi, 'yan kamasho suna ta kirana, ina cewa ina jiran wani. Sai layi ya zo kansa in shiga. Tsohuwar mota ce fara, an cusa mu ciki da buhuna da awaki a sama, ba abin da ya haɗa ta da Zabuwa. Ina biyan kujerar gaba. In mun fita gari muka yi nisa, injin ya yi zafi, sai in rufe ido in kasa kunne. Rannan direban ya bugi sitiyari ya ce wannan ƙara ta dame shi, ya kai garaji uku an rasa inda take fitowa, amma wata mai zuwa zai kai wa wani gwani a Tawa. Na ce masa ya bar ta, ba ta hana tafiya. Ya dube ni kamar bai gane ba, ni kuma ban iya yi masa bayani ba. Motarsa ce, ba ni da ikon hana shi.

Ƙas-ƙas ɗinka yana nan tukuna, Baba. Ina roƙon Allah kada gwanin nan ya fi ka kunne.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sa ruwan rijiyar nan ya iske ka. Sai mun zo.

Ni ce 'yarka ta kujera ta biyu,
Hajo